Yadda ake bin diddigin tarihin tsohon Lardin Zazzau da al'ummominsa

Duk wanda ya ƙudiri aniyar sanin tarihin tsohon Lardin Zazzau, sai ya fara tsayar da shekarun da yake nufi, domin iyakokin lardin sun sha sauyawa tun bayan shigar Turawa Zariya a 1902. A 1926 an haɗa ƙasar Katsina da shi, a 1934 kuma aka ware ta aka mai da ita lardi. Masarautar Jama'a, wadda yau kowa ke lissafawa a kudancin Kaduna, ta taɓa zama ƙarƙashin Lardin Filato kafin a haɗa ta da ɓangaren Zariya; a 1967 kuma aka kafa Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Wanda bai riƙe wannan ba zai iya shafe mako guda yana neman takardun Kafanchan, hedikwatar Jama'a, a cikin fayilolin Zariya.

Daga nan ka nufi Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna. Takardun ofishin Razdan na Zariya suna ɗauke da alamar ZARPROF, na Filato JOSPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Ka nemi rahotannin ƙiyasin haraji na gunduma-gunduma, irin su Kauru da Lere da Kachia da Kajuru da Kagarko da Zangon Kataf, domin a cikinsu ne Di'o yake lissafa ƙauyuka da sana'o'i da yawan jama'a. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da kundaye da rubuce-rubucen Larabci da na Ajami waɗanda za su cike maka wani gurbin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sunaye. Turawa sun rubuta yawancin al'ummomin kudu da sunan da Hausawa ke kiransu, alhali kuwa masu abin suna da nasu. Kataf su ne Atyap, Kaje su ne Bajju, Jaba su ne Ham, Kadara su ne Adara, Gwari su ne Gbagyi, Kurama kuma Akurmi. Ka yi neman fayil da tsohon suna, domin da shi aka ajiye shi, amma idan ka zo rubutu ka kira mutane da sunan da suka zaɓa wa kansu. A ganina wannan ladabi ne da ya wajaba a kan mai bincike Bahaushe musamman. Haka nan kada ka dunƙule mutanen arewacin lardin a kalma ɗaya. Sarautar Zazzau kanta tana hannun gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ga zuriyar sarakunan Haɓe da suka koma Abuja, wato Suleja ta yau, bayan jihadi, ga Fulani makiyaya da sau da yawa sai a lissafin jangali za ka gamu da su.

Ka kuma bambance gundumomin da hakiman Sarkin Zazzau suka riƙe da waɗanda ke da 'yancin kansu, kamar Kagoro da Jaba da Marwa da Birnin Gwari. Bambancin yana da nauyi, domin daga cikin na farkon ne koke-koken neman sarautar gida suka daɗe suna fitowa, har aka ba Atyap da Bajju nasu sarakunan a 1995.

Adadin da za ka gani a takardun nan, ka karanta shi da lura. An tattara shi ne saboda haraji, ta bakin tafinta da dagaci, kuma mai gudun haraji ba ya son a ƙidaya shi. Saboda haka bai dace ka ɗauki alƙaluman shekara ɗaya ka ce ga wanda ya fi yawa ko wanda ya riga zuwa ba, balle a jihar da irin wannan magana ta sha jawo asarar rayuka.

Bayan takarda sai baki. Ka je garin da kake bincike a kai, ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka zauna da dattawan kowane ɓangare daban-daban, na zango da na ƙauyukan kewaye. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka rubuta ranar hira da wurin da aka yi ta, kuma inda ruwayoyi biyu suka saɓa, ka kawo su duka tare da bayanin wanda ya faɗi kowace.