Yadda Ake Auna Cancantar Gwanin Satar Tasha Kafin a Ce Ya Isa Shiga Zauren Gwarzayen Besbol

A wasan besbol akwai tasoshi huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90, kuma ƙungiya ba ta samun maki sai ɗan wasanta ya zagaya su duka ya dawo inda ya tashi. Satar tasha ita ce ɗan wasan da ya riga ya tsaya a wata tasha ya sheƙa da gudu zuwa ta gaba a daidai lokacin da mai jifa ya saki ƙwallo, ba tare da jiran abokinsa ya buga ba. Idan ya riga ƙwallon isa ya ci riba, idan kuwa mai cafka, wato ɗan wasan abokan hamayya da ke karɓar jifan, ya jefa ƙwallon zuwa tashar aka taɓa shi da ita kafin ya kai, an fitar da shi. Duk lokacin da wani gwanin wannan gudu ya yi ritaya sai muhawara ta tashi a Amurka kan ko ya cancanci shiga zauren karrama gwarzayen wasan da ke garin Cooperstown a jihar New York, kuma akwai hanyar da mai karatu zai bi ya yanke hukunci da kansa.

A fara da sanin ƙa'idar zaɓen. Sai ɗan wasa ya buga aƙalla kaka goma a babbar gasar MLB, ya kuma shekara biyar da yin ritaya, kafin sunansa ya hau takardar zaɓe. Masu jefa ƙuri'a 'yan ƙungiyar marubuta labarin besbol ne ta Amurka, kowannensu ba ya wuce suna goma. Ana buƙatar kashi 75 cikin ɗari don shiga, wanda ya gaza samun kashi 5 kuwa ana cire sunansa nan take, sauran su ci gaba da jira har shekara goma. Kafin 2014 wa'adin jiran shekara goma sha biyar ne.

Daga nan sai a ajiye jimillar sata a gefe tukuna, domin ita ce ta fi ruɗar mutane. Abin da ya kamata a nema shi ne sau nawa aka kama shi. Ƙungiya tana da damar a fitar mata da mutum 27 ne kacal a wasa ɗaya, saboda haka wanda aka kama ya jawo asara biyu: ya rasa tashar da yake tsaye a kanta, ya kuma ƙone ɗaya daga cikin damarmakin ƙungiyarsa. Masu nazarin alƙaluma sun daɗe da ƙiyasta cewa sata mai nasara tana ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar na maki, kamu kuwa yana rage kusan ninki biyu na hakan. Ma'ana, wanda bai yi nasara sau biyu cikin kowane yunƙuri uku ba, gara ma ya tsaya inda yake.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata mai karatu ya yi shi da hannunsa: a ninka yawan sata da 0.2, a ninka yawan kamu da 0.4, a cire na biyu daga na farko. Lou Brock ya yi sata 938, an kama shi sau 307, abin da ya rage masa kusan maki 65. Tim Raines ya yi 808 aka kama shi sau 146 kawai, wato nasarar kusan kashi 85 cikin ɗari, ya tashi da maki sama da 100. Ga shi Brock ya fi shi sata da 130, amma Raines ya fi amfanar ƙungiyoyinsa da ƙafarsa. Maury Wills, mai sata 586 da kamu 208, bai wuce maki 34 ba. Tun da kusan maki goma ake lissafawa a matsayin nasarar wasa ɗaya, duk gudun da Raines ya sha cikin fiye da shekara ashirin ya tsaya ne a kan nasarar wasa goma ko makamancin haka. Wannan adadi yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya kai kowa Cooperstown, kuma wanda ya fahimci haka ya riga ya warware rabin muhawarar.

Mataki mafi nauyi shi ne a duba sau nawa ɗan wasan yake isa tasha ta farko, domin wanda bai isa can ba babu abin da zai sata. A nan a haɗa bugun da ya yi nasara da tafiyar kyauta da ake ba mai bugu idan jifan mai jifa ya kauce wa wurin da aka ƙayyade masa sau huɗu. Vince Coleman shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. Ya yi sata 110 a kakarsa ta farko a 1985 tare da St. Louis Cardinals, ya haura ɗari a kaka uku a jere, ya kammala da 752, kuma ba a cika kama shi ba. Sai dai yana isa tasha ne a kusan kashi 32 cikin ɗari na zuwansa bugu, abin da bai isa ba ga wanda aka ɗora wa buɗe layin masu bugu, shi ya sa sunansa bai wuce shekara ɗaya a takardar zaɓe ba, kuma a ganina masu zaɓe ba su zalunce shi ba. Raines kuwa yana isa a kashi 38.5. Marubuta sun daɗe suna riƙe masa cewa bugunsa 2,605 ne, bai kai 3,000 da ake ɗauka tamkar tikitin shiga ba, alhali ya samu tafiyar kyauta sau 1,330, har jimillar isarsa tasha ta ɗan zarce ta Tony Gwynn, wanda ya yi bugu 3,141 ya kuma shiga zauren a zaɓensa na farko a 2007. Raines ya fara da kusan kashi 24 a 2008, bai shiga ba sai a 2017, shekararsa ta ƙarshe, da kashi 86. Babu abin da ya ƙaru a alƙalumansa a tsawon shekarun nan. Masu zaɓen ne suka sauya abin da suke ƙirgawa.

Bayan haka a auna shi da zamaninsa. A 1950 Dom DiMaggio ya fi kowa sata a American League, ɗaya daga cikin gasa biyu da suka haɗu suka zama MLB (ɗayar ita ce National League), da 15 kacal, domin ƙungiyoyi a lokacin sun fi son jiran bugun da zai fitar da ƙwallo daga fili. Da wannan ido ya kamata a kalli sata 104 da Wills ya yi wa Los Angeles Dodgers a 1962, wadda ta karya tarihin zamani na 96 da Ty Cobb ya kafa tun 1915, ta kuma ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan National League na shekarar. Magoya bayansa suna cewa shi ya dawo da gudu cikin wasan, kuma maganar tana da tushe, ko da yake Luis Aparicio ya riga shi farawa a ɗaya gasar. Tasiri irin wannan hujja ce ta gaskiya, amma Wills yana isa tasha a kashi 33 ne kawai, ya shekara goma sha biyar a takardar zaɓe bai taɓa haura kashi 41 ba, har ya rasu a 2022 bai shiga ba. Haka nan duk wanda zai auna 'yan wasan yau sai ya tuna cewa a 2023 an ƙara girman tasoshi daga inci 15 zuwa 18, an kuma taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don tsare mai gudu, saboda haka sata ta yi sauƙi.

Kada kuma a sa Rickey Henderson ya zama ma'auni. Sata 1,406, da 130 a kakar 1982 kaɗai, da maki 2,295 da babu wanda ya kai, duk sun sa shi a wani aji na daban, kuma zamansa a zamani ɗaya da Raines na cikin abin da ya dusashe hasken Raines.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne aikin tsaron fili, musamman wurin da ɗan wasan yake tsayawa, tun da tsaron tsakiyar filin waje ya fi na gefen hagu wahala da daraja. Idan aka jera waɗannan matakai a kan Kenny Lofton, wanda ya yi fice da ƙungiyar Cleveland, sakamakon yana da ban mamaki. Ya yi sata 622 da kamu 160, kusan kashi 80 na nasara, ya kuma fi kowa sata a American League kaka biyar a jere daga 1992 zuwa 1996. Yana isa tasha a kashi 37, ya ci maki 1,528, ya karɓi kyautar Gold Glove ta gwanin tsaro sau huɗu a tsakiyar fili. A ma'aunin WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya fiye da wanda za a ɗauko a madadinsa, Lofton yana da kusan 68, Raines kusan 69, Brock kuwa, wanda shi ma yana cikin zauren, kusan 45.

Duk da haka kashi 3.2 ya samu a 2013, aka cire shi a shekarar farko. Wanda zai yi hukunci sai ya duba takardar wannan shekara kafin ya ɗauki ƙuri'ar a matsayin shaida: a kanta Barry Bonds da Roger Clemens da Sammy Sosa da Mike Piazza da Craig Biggio da Curt Schilling suka fara bayyana, rigimar ƙwayoyin ƙara kuzari ta raba kan marubuta, ƙa'idar suna goma ta matse kowa, har aka tashi ba a zaɓi ko mutum ɗaya ba. Yawon da Lofton ya yi tsakanin ƙungiyoyi goma sha ɗaya shi ma ya rage masa masu tsaya masa. A nawa hukuncin Coleman bai isa ba, Wills yana bakin iyaka, Lofton kuwa ya cancanta, kuma hanyar da ta rage masa ita ce kwamitin mutum 16 da ke sake duba waɗanda marubuta suka tsallake, inda zai buƙaci ƙuri'a 12.