Haɗa tankin kifin ado mai tsirrai a zafin Sakkwato

Abu biyu ne suka fi kashe kifin ado a Sakkwato: zafi da ɗaukewar wuta. Yawancin bidiyoyin da ake kallo a YouTube an ɗauke su ne a ƙasashen da sanyi ne damuwarsu, wutarsu kuma ba ta ƙiftawa, shi ya sa suke jibga wa tanki injuna. A nan, inda daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tankin da zai daɗe shi ne mai tsirrai da yawa, kifi kaɗan, da injin da fawa-bank ma za ta iya riƙewa. Kuma kada ka fara a bazara. Ka fara tsakanin Yuli da Oktoba, yadda kafin zafi ya dawo tsirran sun kama ƙasa sosai.

Tankin da mazauninsa

Ka manta da ƴar ƙaramar kwalbar nan mai zagaye da ake sa kifi ɗaya a ciki. Ruwa kaɗan saurin ɗaukar zafi gare shi, saurin lalacewa kuma. Mai farawa ya nemi tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36, wanda ke cin kusan lita 65. Masu aikin gilashi da alminiyam za su iya yanka maka: gilashi mai kaurin milimita 6, a goge bakinsa kada ya yanki hannu. Wajen silikon ake yawan tafka kuskure. Wanda ake liƙa bayan gida da shi yana da maganin hana fumfuna, kuma dafi ne ga kifi. Zallan silikon ake so, mai warin tsami. A bar shi ya bushe aƙalla kwana biyu, sannan a cika tankin da ruwa a tsakar gida cikin inuwa, a kan kwali, ya kwana biyu. In kwalin ya jiƙe, akwai yoyo.

In an cika shi da ruwa da yashi da duwatsu nauyinsa kan kai kilo 80 zuwa 90, kusan buhun siminti biyu, don haka teburin roba ko kan durowa ba zai yi ba. Mai walda ya haɗa maka mazauni da katako mai kauri a sama, a daidaita shi kada ya karkata, a shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji a ƙarƙashin gilashin. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan za ka zaɓa, mai silin, nesa da taga, kuma ba jikin bangon yamma da ke shan ranar la'asar ba.

Ƙasa, yashi, dutse da itace

Ba sai ka sayi ƙasar kanti mai tsada ba. Baƙar ƙasar lambu ta wadatar, muddin ba a zuba mata takin zamani, kashin kaji ko maganin feshi ba. Ka tankaɗe ta, ka jiƙa ta a bokiti, ka kwashe duk abin da ya taso sama, ka tsiyaye, ka maimaita sau uku. Ka shimfiɗa ta da kaurin santimita 2 zuwa 2.5, wato kimanin lita 4, sannan ka rufe ta da yashin gulbi mai ɗan gautsi santimita 3, kusan kilo 8, wanda aka wanke har ruwansa ya fita garau. Kada ka ƙara kaurin ƙasar da tunanin tsirrai za su fi jin daɗi. In ta yi kauri iska ba ta ratsa ta, sai ta ruɓe, ka ga kumfa na tasowa da warin ruɓaɓɓen ƙwai, saiwoyi su yi baƙi.

Yankinmu na da dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ya sa aka kafa masana'anta a Kalambaina. Irinsa na narkewa a hankali yana ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa. Kafin ka sa kowane dutse, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, ajiye shi gefe. Itace kuwa busasshe ƙamas ake so, kamar saiwar gwaiba, a ɓare ɓawon, a tafasa, a jiƙa har ya daina tasowa. Ka nisanci aduwa, domin ɓawonta na kashe kifi, haka dogonyaro da duk itacen da ke fitar da farin ruwa.

Ruwa

Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, mai ƙona harzar kifi, wato gaɓar da yake numfashi da ita. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana biyu, ko a ɗiga maganin cire kulorin da masu sayar da kifin ke kawowa. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma iskarsa kaɗan ce, shi ma a bar shi ya kwana. Abin da ake mantawa shi ne baƙin tankin da ke saman gini: ruwan da ke fitowa daga cikinsa da azahar ya isa ya kashe kifi nan take. Da sassafe ake ɗiba, ko a ajiye a randa.

Tsirrai

A ranar farko za ka dasa da yawa, su rufe fiye da rabin ƙasan tankin. Dasa ƙwaya biyu a ce za su yaɗu daga baya gayyatar gansakuka ce, domin abincin da ƙasar ke saki sai an sami mai ci.

Vallisneria mai dogayen ganye kamar ciyawa ta fi kowa jure ruwa mai nauyi da zafi. A jera ta a baya, kada a binne wuyanta. Ceratophyllum ba ta da saiwa, a ruwa take yawo, tana girma da sauri tana shanye dattin kifi. Anubias ƴar Afirka ta Yamma ce, har da kudancin Najeriya da Kamaru, ba ta buƙatar haske sosai. Ita da Java fern ba a binne kututturensu, ruɓewa yake. Da zare ake ɗaure su a jikin itace ko dutse. Cryptocoryne kan zubar da ganyenta duka bayan dashe. Kada ka tuge ta, za ta sake tohowa.

Namu na gida ma suna aiki. Kainuwa na yi wa ruwa inuwa tana tsotse datti, sai dai a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Bado ƙarami ma kan zauna, in ana yanke ganyen da ya kai sama. Amma tsiron da aka ɗebo daga fadama ko bakin gulbi yakan zo da dodon koɗi da ƙwansa, kuma wasunsu ne ke ɗauke da tsargiya. Ka sa safar roba wajen ɗiba, ka tsince abin da ido ya gani, ka jiƙa tsirran kwana biyu a ruwan alam, babban cokali ɗaya cikin lita 4, ka ɗauraye sosai, ka ajiye su a bokiti daban na mako biyu kafin su shiga tanki.

Wajen zuba ruwa, ka aza faranti a kan yashin ka riƙa zubawa a kansa sannu-sannu. In ka kwarara kai tsaye, ƙasar za ta ɓullo ta dagula komai.

Haske da iska

Fitilar LED fara mai wat 10 zuwa 15, wadda aka rubuta 6500K a jikinta, ta ishe wannan tanki. Awa 6 a rana a watan farko, daga baya 8. A raba: rabi da safe, rabi bayan la'asar, a kashe da tsakar rana lokacin da ɗaki ya fi zafi.

Matatar soso ita ce ta dace da mu: soso ne kawai da ƙaramin famfon iska ke hura wa kumfa. Matatar da ke rufe a gwangwani, in wuta ta yi awoyi ba ta nan, ƙwayoyin bakteriya masu cin dattin kifi da ke cikinta kan mutu don rashin iska, wuta na dawowa ta amayo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Soso kuwa a cikin ruwan yake zaune, ya fi jurewa. Ka nemi famfon iska mai USB. Bai fi wat 1 ko 2 yake ci ba, fawa-bank mai 10,000mAh kan riƙe shi fiye da awa 12. Ka aje famfon sama da bakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul mai hana ruwa komowa a tiyon, in ba haka ba ana ɗauke wuta ruwa na iya biyo tiyo ya malale ɗaki.

Jiran tanki ya nuna

A nan ne sauri kan haifi nawa. Kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya, mai dafi. Wasu ƙwayoyin bakteriya na mayar da ita naitirait, shi ma dafi ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda tsirrai ke ci. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soso da yashi suke zama, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Ƙasar lambun da ka sa tana sakin amoniya da kanta, ita za ta ciyar da su. A makonni biyun farko ka riƙa canza rabin ruwan duk bayan kwana uku. In kana da kayan gwaji na ɗigo, tanki ya nuna ranar da amoniya da naitirait duka suka nuna sifili kwanaki a jere. In babu, ka cika mako shida, ka kuma ga sabbin ganye. Wanda ya san mai tsohon tanki lafiyayye ya roƙe shi ya matse masa sosonsa a kwano ya juye a nasa. Yana rage jiran ƙwarai.

Ruwa ya yi fari-fari a makon farko? Ƙyale shi, zai washe. Ƙura mai ruwan ƙasa a jikin gilashi ma wucewa take. In ruwan ya koma kore, haske ne ya yi yawa. Kuma tun da babu kifi tukuna, ka rufe saman da yankin gidan sauro, kada ka buɗe wa sauro wurin haihuwa a ɗakinka.

Kifin da za ka sa

Gupi da plati na son ruwa mai ɗan nauyi, suna da juriya, suna kuma cinye tsutsar sauro. Gupi shida sun isa farawa, maza biyu mata huɗu, domin in maza suka yi yawa sukan gallabi matan. Haihuwa suke kusan duk wata, don haka tun yanzu ka san wanda za ka riƙa ba ƴaƴan. Beta da gurami na iya shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ya sa suka fi kowa tsallake daren da babu wuta. Beta namiji ɗaya tak ake sawa, kuma ba tare da mazan gupi masu dogon wutsiya ba. Moli na jure zafi amma ya fi son tanki mai santimita 90.

Golfish, duk da shi aka fi gani a hannun masu sayarwa, kifin ruwan sanyi ne, mai yawan kashi, mai tuge shuka. Neon tetra na wahala da zarar ruwa ya wuce digiri 27. Fileko da ake cewa mai share gilashi yakan haura santimita 30. Ƴaƴan karfasa da tarwaɗa kuwa cikin mako guda za su mayar maka da tankin fili.

Kifin kan sha doguwar tafiya a mota kafin ya iso, saboda haka ka duba da kyau: mai fararen ɗigo, mai naɗe ƙayoyinsa, mai laɓewa a lungu, bar shi. Ka saya da safe ko da yamma. In ka kawo, ka aza ledar a kan ruwan tanki minti 20, ka buɗe, ka riƙa zuba rabin kofi na ruwan tankin duk minti biyar har sau huɗu, sannan ka kamo kifin da ƴar raga. Ruwan ledar a zubar waje. Kada ka ciyar a ranar, kada kuma ka ƙaro wasu sai bayan mako biyu.

Bazara da hunturu

Digiri 24 zuwa 28 ake nema, don haka ma'aunin zafi na cikin ruwa dole ne. Ruwa na ƙara zafi iskar da ke cikinsa na raguwa, da dare kuma tsirrai ma shaƙar iskar suke, ba sa fitarwa. Shi ya sa mutuwa ta fi zuwa gab da asuba a daren Afrilu da babu wuta. In ka ga kifi sun taru a sama suna haki, ka kunna famfon iska. In babu caji, ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana kwararawa daga sama, ka kuma dakatar da abinci. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa kan sauke digiri 2 zuwa 4, kuma busasshiyar iskarmu na taimaka mata, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, kana cikawa kullum. Kada ka jefa ƙanƙara tsirara. Gorar ruwa daskararriya a rufe ta fi, ita ma kana kallon ma'auni, don faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin illa.

A Disamba da Janairu lamarin kan juye. Sanyin dare na raunana kifi, sai cutar fararen ɗigo ta kama su. Hita mai wat 50 a kan digiri 26 ta isa. In babu wuta, a lulluɓe tankin da bargo da dare. Murfi kuma na tare ƙurar hunturu.

Kullum da kowane mako

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Abincin tarwaɗa na masu kiwo maiƙo gare shi, yana ɓata ruwa da wuri. Duk mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ka mayar da wanda ya kwana. Wanda ka cire ka ba shukokin gida. Soso sau ɗaya a wata, a matse shi cikin tsohon ruwan tankin, ba a famfo ba, ba da sabulu ba. Hannu mai man shafawa ko omo kada ya shiga ruwan.

Maganin sauro, na feshi ko na ƙonawa, kaɗan ya isa ya kashe kifin duka. In za a fesa ɗakin, ka kashe famfon iska, ka rufe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, kada ka buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita. Ka sanar da mutanen gida wannan tun ranar farko, domin galibi ba mai tankin ne ke yin feshin ba.