Wankin kayan inji a ƙaramin gareji: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen mai da kayan aiki

A mafi yawan garejojinmu, abin da ke kusa da hannu shi ake wanke komai da shi. In akwai fetur a galan, da shi za a wanke kabureta, da shi za a wanke boris, da shi za a wanke kofin birki, a ƙarshe yaron gareji ya wanke hannunsa da sauran. Daga nan yawancin ɓarnar ke farawa. Kafin ka zaɓi mai ko ka sayi wata na'ura, tambaya biyu ce: da me aka ƙera wannan abu, kuma wane irin datti ne a jikinsa? Ƙarfe, alminiyam, tagulla da roba kowanne da abin da ke cinye shi. Baƙin mai da giris kuma ba ɗaya suke da ƙonannen gawayin kan fistin ba, balle danƙon da tsohon fetur ke bari a kabureta.

Fetur a buɗaɗɗen kwano

Wannan shi ne kuskure mafi girma, kuma shi aka fi sabawa da shi. Fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta tun a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, wato babu wani yanayi a ƙasarmu da kwanon fetur ba ya shirye da kamawa. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, ya gangara cikin ramin duba mota, ya isa inda mai walda ke aiki ko inda janareta ke kunne. Ba sai an kawo ashana kusa da kwanon ba, tartsatsin kan batir ya isa. Ban da gobara, akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Yaran da ke koyon aiki su suka fi tsoma hannu a ciki, shekara da shekaru.

Gyaran shi ne a koma kalanzir ko gas, wato man dizal, don wankin baƙin mai da giris. Kalanzir sai ya kai kusan digiri 38 yake fara fitar da tururin da zai kama, gas kuwa sai ya haura 50. Amma a lura da abu biyu. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, don haka bahon kalanzir da aka bari a rana ya shiga haɗari; a ajiye shi a inuwa, da murfi. Na biyu, ana samun gurɓataccen kalanzir da aka gauraya da fetur, irin wanda ke fasa fitila da risho. In ka ji warin fetur a cikinsa, ko ɗigon da ka zuba a kan ƙarfe ya bushe nan take, kada ka zuba shi a bahon wanki. Gas ya fi aminci ta fuskar wuta, sai dai yana barin maiƙo mai kama ƙura, don haka bai dace da wankin ƙarshe ba.

Sodar sabulu a kan alminiyam

Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana cire gawayi da tsohon fenti sosai a kan bulok, wato gangar jikin inji, in na baƙin ƙarfe ne. Kimanin giram 50 a kowace litar ruwan zafi ya isa, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, domin tana ɗaukar zafi ta yi tsartuwa. Matsalar ita ce injinan yanzu alminiyam ya yi musu yawa: tof silinda (kan inji da ke rufe saman silinda), fistin, kaskon giya, murfin taimin, da kusan dukan injin babur da na adaidaita sahu. Soda tana cin alminiyam. Za ka ga yana kumfa, ya yi baƙi, fuskar da gasket ke zama ta yi ƙananan ramuka, kuma kumfar nan iskar haidurojin ce mai kama wuta. Tof ɗin da ya kwana a soda ba lallai ya sake riƙe gasket ba sai an kai shi an share fuskar. Jikin kabureta ma haka, ko alminiyam ne ko tutiya.

Gwajin mai sauƙi ne: ɗora maganaɗisu. In bai kama ba, kada soda ta taɓa shi. Ko bulok na ƙarfe ne, a fara cire duk mital, wato 'yan ɓawon da kiranshaf ke juyawa a kansu, da duk wani abin alminiyam da ke jikinsa. Ga alminiyam, a yi amfani da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ko maganin cire maiƙo da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da alminiyam, da burushin roba.

Kayan birki

Robar da ke cikin masta, wato famfon da fedar birki ke turawa, da kalifa, wato abin da ke matse takalman birki a kan faifai, an yi ta ne don man birki. Fetur, kalanzir, gas ko baƙin mai suna kumbura ta, ta yi laushi. Motar za ta fita lafiya, bayan 'yan makonni birki ya fara riƙewa ko feda ta nutse. Cikin kalifa da masta ana wanke su da sabon man birki ko sifirit, ba da wani abu ba. Faifan birki kuwa da feshin birki na gwangwani, wanda ba ya barin maiƙo. Kada a hure ƙurar birki da kwamfureso. Wasu takalman birki har yanzu akwai asbestos a cikinsu, wani ma'adini ne mai lalata huhu, kuma huhun mai hurawa yake zuwa. A jiƙa ƙurar, a share da tsumma.

Akwai wani abu da kowane mai walda ya kamata ya sani. Wasu gwangwanayen feshin birki na ɗauke da sinadari mai kulorin, irin wanda ake rubuta cewa ba ya kama wuta. In aka fesa shi a kan ƙarfe aka ɗora walda, zafin yana mayar da shi iskar fosjin, guba ce da kaɗan ɗinta ke lalata huhu. Abin da za a yi wa walda a goge shi da asiton, a bari ya bushe sarai.

Gwangwani ɗaya don komai

Feshin kabureta yana da ƙarfi, yana narkar da danƙon fetur, amma yana taɓa roba da leda da fenti. A cire fulot, dayafuram da zobban roba kafin a fesa. Kuma kada a kai shi kan sensar iska da ke bayan iyakilina; wayar da ke ciki siririya ce ƙwarai, tana da nata feshin daban, ba a taɓa ta da burushi ko yatsa. Jet ɗin kabureta, wato ɗan abin nan mai siririn rami da fetur ke bi, tagulla ne mai laushi. Zura masa wayar ƙarfe ko allura yana faɗaɗa ramin, shi ya sa babur ko janareta ke dawowa da shan mai da baƙin filogi bayan an ce an wanke shi. A jiƙa, a hure da iska ta bayan ramin.

Baho ɗaya, mai ɗaya

Man da aka wanke kaskon inji da shi cike yake da garin ƙarfe da yashi. In aka tsoma boris ko kiranshaf a ciki, dattin aka mayar musu. A yi baho biyu na ƙarfe masu murfi: na farko na wankin ƙazanta, na biyu mai tsabta na ɗauraya. A sa raga kamar santimita 5 sama da gindin bahon, laka ta kwanta a ƙasa. Idan na biyun ya fara duhu, a mayar da shi na farko, a zuba sabo. Kafin komai ya shiga baho, a kankare laka da busasshen giris da katako ko roba. Wannan kaɗai yana ƙara kwanakin da mai zai yi.

Boris mai rufaffen gefe ba a jiƙa shi, domin mai zai shiga ya wanke giris ɗin ciki, babu kuma hanyar mayarwa. Buɗaɗɗe kuwa, bayan wanki kada a bar iskar kwamfureso ta riƙa juya shi. Gudu ba mai yana ƙona shi, yana iya ma tarwatsewa a hannu.

Sayen na'ura kafin auna aiki

Na'urar wanki mai girgiza ruwa, wadda ake kira altarasonik, tana da amfani ga mai yawan aikin kabureta da injakta, domin tana shiga ramukan da burushi ba ya kaiwa. Kuskuren farko sayen 'yar ƙarama ta wankin zobe da agogo. A duba faɗin cikinta, ba litar da aka rubuta kawai ba. Mai lita 6 cikinta kusan santimita 30 ne a tsawo, 15 a faɗi, ta isa kaburetan babur da na janareta. Mai lita 10 ta fi faɗi, ita ta fi dacewa da kayan mota. A nemi mai hita da kwando, a kuma duba wat ɗinta a gwada da ƙarfin janaretan gareji. Ruwa da sabulunta ake zubawa har layin da aka shata, a ɗumama zuwa digiri 50 ko 60, a ba kaya minti 10 zuwa 20. Ba a zuba mata fetur ko tina, ba a kunna ta babu ruwa, ba a kuma ajiye ƙarfe kai tsaye a gindinta. Kowanne cikin biyun ƙarshe yana kashe abin da ke girgiza ruwan. Ba ta cire kaurin giris, sai an fara ragewa a baho. Injaktan gas na motocin zamani kuma a kai su wurin masu bencin gwaji, ba aikin buɗaɗɗen gareji ba ne.

Teburin wanki mai famfo shi ma iri biyu ne: na ruwan sabulu da na mai. Famfon da aka yi don ruwa robobinsa ba sa jure kalanzir, don haka a karanta takardarsa kafin a biya. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kuwa na ƙarƙashin mota ne da wajen bulok. A nesanta shi da altaneta, soket-soket da ƙwaƙwalwar mota.

Bayan wanki

Ƙarfen da aka wanke da ruwa yana fara tsatsa cikin mintoci, musamman da damina. A hure shi da iska nan take, a shafa sabon baƙin mai, a rufe da leda, domin ƙurar hunturu ba ta jira. Silindar da aka yi wa boring, wato faɗaɗa ramin, ko goge ciki ba kalanzir ke tsabtace ta ba. Garin dutsen gugar sai ruwan zafi da sabulu da burushi. A shafa farin ƙyalle mai ɗan mai a ciki, in ya fito da toka-toka a sake wankewa, in ba haka ba garin zai cinye sabbin ringi. Ramukan mai na kiranshaf da bulok a bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn burushi da iska.

Safar hannu ta naitiril ce ke jure kalanzir da gas. Farar ta lateks, irin ta asibiti, tana kumbura ta yage. A haɗa da tabarau, musamman wajen soda. A rataye abin kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, da bokitin yashi, domin ruwa watsa wutar mai yake yi. Tsummokin da suka sha mai a tara su a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Tsohon man wanki kuma a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama a mayar bahon farko, lakar a tara ta a rufaffen duro a ba masu karɓar tsohon mai. Wanda aka zuba a kwata ko a ƙasa yana bi ya isa rijiyoyin unguwa.