Shuwaka: Kurakuran da Ake Yi Wajen Wanki, Dahuwa da Sha

Duk gidan da aka ce ba a cin miyar shuwaka, idan aka bi diddigi, yawanci tun wajen wankin ganyen aka ɓata ta.

Wata don gudun ɗaci sai ta wuce gona da iri. Ta murje ganyen ta zubar da ruwa sau bakwai, sau takwas, sannan ta tafasa shi da kanwa har ya yi lugub ya koma baƙi. Me ya rage? Dusa kawai. Ai ɗacin nan ne ya sa ake neman shuwaka, kuma kanwa da doguwar tafasa suna lalata bitamin C da ke cikinta. Wata kuma sau ɗaya za ta ɗauraye ta watsa a tukunya, yara su ɗanɗana su ture kwano.

Ga yadda nake yi. Ki tsinke ganyen daga jikin kara, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki murza a tafin hannu har koriyar kumfa ta taso, sai ki ɗauraye ki matse. Sau uku ko huɗu ya isa. Daga nan ki tauna ɗan guntu, ki kora da ruwa. Idan ɗacin ya lafa, kika ji wani ɗan zaƙi a maƙoshi, to ki tsaya nan.

Kada kuma ganyen ya riga kowa shiga tukunya. Bari nama ya nuna, manja da daddawa su haɗa jiki, agushi ko gyaɗa ta dahu, sannan ki zuba shi ya yi kamar minti 10. Gyaɗa na kwantar da ɗaci sosai, da ita mutanen Kamaru ke yin miyarsu ta ndole. Mai son ajiya ta shanya a inuwa, kada ta baza a tsakar rana.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na masu ciwon sukari. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya koma shan ruwan shuwaka kofi guda kullum da safe, saboda an ce masa tana yanke ciwon. Ranar da muka je duba shi, ƙafarsa na naɗe da bandeji, gyambo ya ƙi warkewa. Shuwaka ba ta maye gurbin magani. Wanda kuma ke haɗa tataccen ruwanta da maganin likita, sukarinsa na iya sauka fiye da kima, ya ji jiri, gumi na keto masa, jiki na rawa. Ya sanar da likitansa, ya riƙa gwada sukarinsa.

Mai juna biyu ma ta bar shan tataccen ruwan, sai ta tambaya a wajen awo.