Yadda za ka haɗa ƙaramin manjaniƙ ya yi jifa mai nisa

Wanda ya karanta sira ya san an kafa manjaniƙ, wato na'urar jifan ganuwa da duwatsu, a yaƙin Ɗa'ifa a shekarar 630. Irin na wancan zamanin, mutane ne ke jan igiyoyi lokaci guda. Wanda nake koya wa yara haɗawa shi ne na daga baya, mai akwatin nauyi, irin wanda Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya girka wa ganuwar Stirling ta Scotland a 1304. An sake gina irinsa a fadar Warwick ta Ingila a 2005, tsayinsa mita 18, nauyinsa tan 22. Namu ƙafafunsa ba za su wuce ƙugu ba, amma lissafinsu ɗaya ne.

Samo katako mai ƙwari, santimita 125. Huda shi a santimita 25 daga gefe guda, ka zura rodi, ka ɗora rodin kan ƙafafu biyu masu tsayin santimita 70. A guntun ɓangaren za ka rataye akwati mai yashi kilo 10. Ratayewa na ce, kada ka kafe shi da ƙusa. Akwatin da ke lilo yana faɗowa kusan a miƙe, ƙarfinsa ya tafi ga jifa. Kafaffe kuwa girgiza ƙafafun yake yi a banza.

Abin jifan ya zama giram 100, wato kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin akwatin. Busasshen curin laka ya isa. Akwatin zai faɗo kamar santimita 40, wato mita 0.4. Ninka 0.4 sau 100, ka sake ninkawa biyu: mita 80 ke nan, iyakar abin da lissafi ya yarda da shi. Ba za ka kai nan ba, don gogayyar rodi da iska da nauyin katakon kansa duk suna cin rabonsu. In ka sami rabi, aikinka ya yi kyau.

Sai majaujawa, kuma a nan ne aikin yake. Fata kamar tafin hannu, igiya biyu, kowace kusan mita ɗaya. Ɗaure ɗaya tamau a bakin dogon ɓangaren. Ɗayar ka sa mata zobe, ka saƙala a ƙusar da ka yanke wa kai ka buga a tsinin katakon. Lokacin da zoben ya suɓuce daga ƙusar, lokacin curin ke tashi, kuma ana so ya tashi a kusurwar digiri 45 ko ƙasa kaɗan.

In curin ya yi sama ya dawo kusa, zoben ya yi saurin fita: lanƙwasa ƙusar gaba, wajen da kake jifa. In ya daki ƙasa a gabanka, ya makara: mayar da ita baya. Kaɗan-kaɗan fa, da filaya. Yawancin masu haɗawa da sun ga jifa bai yi nisa ba sai su ƙara yashi, alhali matsalar tana kan ƙusa. Kuma abu ɗaya ake canzawa kafin kowane jifa, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Shimfiɗa allo mai santsi a ƙasa inda majaujawar za ta ja curin. Wajen saki, yi amfani da doguwar igiya ka tsaya daga gefe. Kada kowa ya tsaya a baya, domin in zoben ya fita da wuri sosai, can curin yake nufa.