Kurakuran da aka fi yi wajen tsara bayanin manhaja da buga shi a takarda

Bayanin manhaja yakan yi kyau a allo, sai an fitar da shi a takarda asiri ya tonu. Galibi laifin ba na firinta ba ne, na saitin da manhajar tsarawa ta zo da shi ne.

Wanda ya fi ɗaure wa sababbi kai shi ne Doxygen, manhajar da ke haɗa bayani daga sharhin da ke cikin lambar manhaja, ya fitar da littafi kusan fanko. Fayil ɗin saitinsa, Doxyfile, da umarnin `doxygen -g` ke samarwa yana zuwa da `RECURSIVE = NO`, don haka ba ya leƙa foldojin ciki. A mayar da shi `YES`. Sannan ba kowane sharhi yake karantawa ba, sai wanda ya fara da `/**`, `/*!`, `///` ko `//!`. A harshen C kuma, idan babu `@file` a saman fayil, zai tsallake ayyukan (functions) da ke ciki ko da an yi musu sharhi. Wasu sukan kunna `EXTRACT_ALL` su huta. Littafin zai cika, amma gargaɗin da ke nuna abin da ba a rubuta wa bayani ba zai daina fitowa, shi ya sa gyaran sharhin ya fi.

Sai girman takarda. A4 milimita 210 ne da 297, Letter ta Amurka kuwa 216 da 279. Sphinx, wata manhajar tsara bayani, da Letter yake zuwa, Doxygen da A4. Idan aka haɗa littafi a kan wannan aka buga a kan waccan, ko dai firinta ta ƙanƙance shafin ko ta yanke gefensa. A Sphinx a sa `'papersize': 'a4paper'` cikin `latex_elements`, a Pandoc kuma, manhajar juya rubutu daga wani tsari zuwa wani, `-V papersize=a4`.

Haruffa ma suna ɓata aiki. Pandoc da pdflatex, injin manhajar tsara shafi ta LaTeX, yake haɗa PDF idan ba a ce masa komai ba, kuma pdflatex yakan tsaya cak in ya ci karo da harafin da bai sani ba, irin su ƙ, ɗ da ɓ. Maganin shi ne sauya injin da `--pdf-engine=xelatex` tare da `-V mainfont="DejaVu Serif"` ko wani salon rubutu mai ɗauke da haruffan. A nan akwai tarko: idan salon ba shi da harafin, xelatex ba ya tsayawa, gargaɗi kawai yake bari, shafin ya fito da giɓi ko ɗan akwati. Kada a manta da `monofont`, domin misalan lambar manhaja da salonsu daban suke fita.

Dogon layin lambar manhaja ba ya naɗewa da kansa a PDF ɗin da Pandoc ya haɗa, yakan zarce gefen shafi ya ɓace. Wanda ya kwafi rabin umarni kuwa zai sha wahala bai san daga ina ba. A taƙaita layukan misali zuwa haruffa 80 ko ƙasa, ko a kunna `breaklines` na fakitin LaTeX mai suna fvextra ko listings.

Idan an ga `??` a madadin lambar shafi ko ta sashe, LaTeX ne aka gudanar sau ɗaya. Zagayen farko yana tara lambobin a fayil ɗin `.aux`, na biyu ne yake saka su. A bar wa `latexmk`, mai maimaita zagayen da kansa, aikin.

Masu rubuta shafukan man, wato bayanin umarnai na Unix, da manhajar tsara rubutu ta groff suna da nasu kurakuran. Duk layin da ya fara da ɗigo ko alamar `'` umarni groff yake ɗaukarsa, sai layin ya ɓace, galibi ba ko gargaɗi. Wannan yakan faru da sunan fayil irin `.bashrc` idan ya faɗo farkon layi. A sa `\&` kafin ɗigon. Zaɓin umarni kuma da `\-` ake rubuta shi, ba `-` tsura ba, in ba haka ba alamar da za ta fito tana iya zama wadda ba za ta yi aiki ba idan aka kwafa. Idan shafin na da jadawali, a ƙara `-t`: `groff -t -man -Tpdf`.

Kafin a aika fayil wurin bugu, a gudanar da `pdffonts` a kansa a duba ginshiƙin `emb`. Duk salon da aka ga `no` a gabansa ba ya cikin fayil ɗin, kuma kwamfutar da za ta buga za ta musanya shi da wanda take da shi, tazarar layuka ta canja.