In za ka sai da gida a Legas, fara da ɗakin kwana

Bara ne kawuna ya yanke shawarar sai da gidansa na Agege ya koma Kano gaba ɗaya, ƙafa ta fara damunsa kuma yara duk sun watse, toh ni da nake kusa sai aka ɗora min raka masu zuwa gani. Mutum na farko da ejan ya kawo wani Bayarabe ne da matarsa. Falo bai ɗauke su minti biyu ba, amma muna shiga masta, wato babban ɗakin kwana, sai matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi, ta wuce kai tsaye ta buɗe wadrob ta cusa kai ciki, mijin kuma ya durƙusa yana shafa gindin bango da bayan hannu. Ba su ce uffan ba, suka yi godiya suka tafi, har yau. Da yamma ejan ya kira ni ya ce Malam ɗakin nan fa warin danshi yake. Mu da muke shiga kullum wallahi ba ma ji, hanci ya riga ya saba.

Tun daga ranar na gane mai saye a garin nan abu uku yake nema a ɗakin kwana: bushewa, iska, sai fili. Adonka bai dame shi ba, ai ba da shi zai saya ba.

Danshin shi ne babba, shi ya sa zan daɗe a kansa. Legas gari ne da ke zaune tsakanin teku da lagun, ruwa yana zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma ko ba a ruwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Duk wanda ya taɓa ciro takalmin fata daga wadrob ya tarar ya yi fumfuna ya san zancen. Ka janye gado da wadrob daga jikin bango ka duba da tocila. In tabon a sama yake, wato zobe mai ruwan ƙasa a jikin silin POP, toh rufi ne ke yoyo, sai kafinta ya hau. In a bangon da ya raba ɗaki da banɗaki ne, yawanci fayif ne ya tsage a ciki ko ruwa na bi ta tsakanin tayil, aikin filamba ne. In ƙarƙashin esi ne, bututun da ke fitar da ruwansa ne ya toshe, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi ciwon kai shi ne na gindin bango, inda fenti ke kumbura yana zubar da wani farin gari kamar gishiri, wannan daga ƙasa ruwan ke hawowa, kuma sai ka duba ko kwata ta toshe ta waje ko ruwa na kwanciya a jikin ginin. Ko wanne ne dai a toshe hanyar ruwan tukuna, a kankare fentin da ya mutu, a bar bango ya sha iska ya bushe sosai, sannan mai fenti ya zo. Mu mun yi gaggawa a ɗaki ɗaya muka shafa a kan jiƙaƙƙen bango, ba a yi wata ba ya sake kumbura, kuɗi biyu.

Kuma don Allah kar ka ce bari in shafe in rufe kawai a rabu lafiya. Na farko masu saye a nan ba yara ba ne, wasu da injiniyansu suke dawowa. Na biyu algus ne, kuma hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu kowa ya san shi. In gyaran ya fi ƙarfinka ka faɗa, a rage a kuɗi.

Fumfunar da ke cikin wadrob da kusurwa kuwa, a surka bilic irin su Hypo ko Jik da ruwa a goge, taga a buɗe. Kar a kuskura a haɗa shi da Harpic wai don ya ƙara ƙarfi, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Sai maganar kaya, a nan ne muka sha daru da Hajiya matar kawu. Ɗakin macen Bahaushe ai ka san shi: gado, wadrob mai ƙofa huɗu, madubi da jeren turaruka, akwatunan lefe a saman wadrob har suna taɓo sili, jakunkunan Gana-mas-go a ƙarƙashin gado, ga kuloli da ba a taɓa zuba musu abinci ba. A wurinmu wannan shi ne ɗaki ya cika ya yi kyau. A idon mai saye kuma ɗakin ya yi kaɗan. Yi lissafi ka gani, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 in ka sa gado 6 da 6 ya riga ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan, in a tsakiya yake ƙafa 3 kacal ta rage kowane gefe, toh ina ga an ƙara wadrob da kujera da keken ɗinki. Na ce Hajiya ki yi haƙuri a rage kayan nan tunda dama tafiya za a yi, ta ce kai ɗan nan so kake mutane su shigo su ce ɗakina kamar na zawarar da aka kwashe wa kaya? Da ƙyar da lallashi, sai da kawu ya sa baki, aka loda rabin kayan a motar da ke komawa Arewa. Ita da kanta da ta shiga washegari ta ce ashe haka ɗakin nan yake da girma.

Abun da za ka bari: gado, durowa ɗaya a gefe, wadrob, shi ke nan. Wadrob ɗin ma in na jikin bango ne a rage kayan ciki zuwa rabi don za su buɗe, kar ka yi tunanin kunya za ta hana su. Zanin gado fari ko mai haske wanda aka goge, filo biyu. Hotunan biki da kalanda a sauke, mutum so yake ya hango nasa gadon a wurin.

Turaren wuta kuma, na san zan ɓata wa mata rai. Mu ƙamshi ne, amma wanda bai saba ba yana shiga ya ji hayaƙi ya turnuƙe abun da zai fara zuwa ransa shi ne me ake ɓoyewa. Ga shi shekara da shekaru yana sa sili ya yi duhu daidai inda ake ajiye kasko. A dakata da shi kwana biyu kafin a zo, a wanke labule, a fitar da katifa ta sha rana, in akwai kafet da ya tsufa a naɗe shi a fitar tunda shi ne ma'ajiyar wari.

Fenti fari ko ruwan madara, duk ɗakunan iri ɗaya. Shuɗin nan mai duhu da ruwan hoda na ɗakin 'yan mata a rufe su. Amma iya nan ka tsaya, kar wani ya zuga ka ka canza tayil ko ka yi sabon POP mai fitilu kala-kala, kuɗin ba zai dawo ba. In ma ka lura masu zuwa 'yan kwangila ne da ke son filin su rushe su ɗora bene, kamar yadda ake yi da tsofaffin gidaje a Agege da Mushin da Surulere, toh ko gwangwanin fenti ɗaya kar ka saya, shara ta isa.

Ƙananan abubuwan su ne ke ba da kunya. Ƙwan fitila da ya mutu, soket da ya ƙone ya yi baƙi, fanka mai ƙara kamar injin markaɗe, hannun ƙofa da sai an ɗaga an tura da kafaɗa, ragar sauro da ta yage aka toshe da leda, ƙarfen taga da tsatsa ta ci. Duk aikin yini ɗaya ne. Banɗakin cikin ɗaki a tabbatar famfo na kawo ruwa kuma masai na tafiya, don za su danna. In akwai kuɗin cizo ko kyankyasai a kira masu feshi tun da sauran mako biyu, a duba ɗinkin katifa da gaɓoɓin gado, kuma a rabu da zuba Sniper ko ota-fiya-fiya a ɗakin da ake kwana, maganin ƙwarin gona ne. Don gane ko gara ta ci katakon ƙofa kuwa, ka ƙwanƙwasa shi, in ka ji holoƙo a canza.

Wani kuskuren da muka kusa yi: ɗaki na huɗu kawu ya mai da shi sito, buhunan hatsi da tsohon janareto da tayoyi. Ejan na tallata gida mai ɗaki 4, mai saye na ƙirga 3 da sito, kuma a Legas da yawan ɗakin kwana ake yi wa gida kuɗi. Muka kwashe, muka sa ƙaramin gado da katifa, ya koma ɗaki.

Ranar da za a zo, ka sa lokaci da hantsi ko bayan azahar lokacin da rana ke shiga, a zuge labule a buɗe tagogi tun awa ɗaya kafin nan. NEPA ba ta da alƙawari, ka tanadi mai a janareto ko caji a inbata, ɗaki mai duhu da zafi ba wanda zai tsaya a ciki. Hoton da ejan zai tura a WhatsApp ma a irin wannan lokacin za a ɗauka, daga bakin ƙofa ko kusurwa, waya a kwance. Ka sanar da matan gida tun ana gobe za a zo su kimtsa su koma ɗaki ɗaya ko maƙwabta, kar a yi ta sallama ana jira a tsakar gida. Gwal da kuɗi da takardun gida, musamman C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, a fitar da su daga ɗakin gaba ɗaya, kwafi kawai ake nunawa sai magana ta kai gaban lauya, kuma duk wanda ya shiga ɗaki a samu mai binsa.

Wanda ya sayi gidan kawu a ƙarshe wani ɗan kasuwa ne daga Alaba, shi ma da ya shiga masta wadrob ya fara buɗewa. Na nuna masa bangon banɗaki na ce nan ya taɓa yoyo, ga inda aka fasa aka canza fayif. Ya shafa wurin, ya shinshina hannunsa, ya ce muje in ga ɗaki na gaba.